Kuɗin Tallafi, Manhaja, da Talakan da Ke Jiran Shari'a

Duk wanda ya san halin da gidajen yarin ƙasar nan suke ciki, tun daga Kurmawa da Goron Dutse a birnin Kano har ya zuwa Kirikiri a Legas, ya san cewa galibin waɗanda ke kwana a cikinsu, wato wajen kashi biyu cikin uku bisa ƙididdigar da hukumar gidajen take fitarwa da kanta, mutane ne waɗanda babu wani alƙali da ya yanke musu hukunci, suna zaune ne kurum suna jiran ranar da za a tuna da su. Alhali kuwa tsarin mulkin 1999, a sashe na 35, ya wajabta a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar da ba ta wuce kilomita 40 ba, ko cikin kwana biyu idan babu, sashe na 36 kuma ya ɗauke shi a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifin nasa. Wanda ya bi diddigin lamarin zai tarar cewa da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah takarda ce ta ɗaure su. Majistare ya ba da umarnin tsarewa a kan tuhumar da ba shi da hurumin saurara, an aika da fayil ma'aikatar shari'a domin neman shawarar daraktan gabatar da ƙararraki, ɗan sandan da ya yi bincike an yi masa canjin wurin aiki zuwa wata jiha, ranar komawa kotu ta zo ta wuce babu motar da za ta kai shi, daga nan sai sunansa ya nutse a tsakanin ofisoshi huɗu waɗanda kowannensu yake zaton alhakin yana wuyan ɗan'uwansa.

Tun da yake babban rabo na wannan cuta daga ɓacewar lissafi yake tasowa, ba abin mamaki ba ne da masu ba da tallafi na ƙasashen waje, tare da samarinmu da suka ƙware a ilmin kwamfuta, suka ga cewa maganin yana cikin manhaja da rumbun bayanai. Ni ma ina tare da su a kan wannan, domin ita doka da kanta ta nemi haka. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda jihohi suka yi nasu kwatankwacinta, Kaduna a 2017, Kano a 2019, ta umarci babban jami'in kowane ofishin 'yan sanda ya kai wa majistare rahoton waɗanda aka kama a ƙarshen kowane wata, ta umarci majistare ya kai ziyara ɗakunan tsarewa aƙalla sau ɗaya a wata, ta iyakance umarnin tsarewa na farko ga kwana 14, ta kuma ɗora wa shugaban gidajen yari ya riƙa aika wa manyan alƙalai, duk bayan kwana 90, sunayen waɗanda suka wuce kwana 180 suna jiran shari'a. Waɗannan farillai kuwa, a ƙasa mai yawan jama'a kamar tamu, ba su cikuwa da littafin rajista da biro kaɗai. Saboda haka muhawarata ba ta shafi cancantar na'ura ba; ta shafi yadda ake gudanar da aikin kafa ta, musamman idan kuɗin na baƙo ne, hannun da zai riƙe ta kuma na masu taimakon talaka a gaban shari'a.

Su waɗannan masu taimako sanannu ne. Akwai hukumar tallafin shari'a ta tarayya, wadda gwamnatin soja ta kafa a 1976, aka sabunta dokarta a 2011, tana da ofisoshi a jihohi, amma lauyoyinta ba su kai ko kusa da yawan masu buƙatarsu ba. Akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da rassan ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, da ɗakunan taimakon shari'a na jami'o'i inda ɗalibai ke koyon aiki a kan ƙararrakin gaske, da ƙananan ƙungiyoyi masu mataimakan lauyoyi waɗanda suke yawo tsakanin ofishin 'yan sanda da kotu da ƙofar kurkuku. Dukansu abu ɗaya ya haɗa su, shi ne yawan aiki da ƙarancin guzuri. Daga ɗaya ɓangaren kuma akwai manyan shirye-shirye, irin su wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2010 zuwa 2017 da sunan adalci ga kowa, da wanda Tarayyar Turai ta soma a 2017 wanda Kano da Adamawa suke cikin jihohin da ya zaɓa, da gudummawar gidauniyar MacArthur wajen aiwatar da dokar 2015. Alherin da aka samu ta waɗannan hanyoyi ba ƙarami ba ne, kuma butulci ne a musanta shi. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne wannan: bai kamata a sa hannu a kan wani tallafi na gina manhaja ba sai an ambaci, da suna da adadi, wanda zai ci gaba da ciyar da ita bayan kuɗin ya ƙare, kuma shi wannan mai riƙon shi ne ya cancanci babbar murya tun daga ranar farko.

Mai karatu ya dubi yadda al'ada take gudana. Mai kuɗi ya fitar da sanarwa da wa'adi gajere. Wata ƙungiya a Abuja, ko wani kamfanin ƙwararru a ƙetare, ya rubuta takardar neman tallafi da Turanci mai tsari. Ana gab da rufe karɓa sai a tuna ana buƙatar abokin aiki a ƙasa, a buga wa shugaban wata ƙungiyar tallafin shari'a waya a roƙe shi wasiƙar amincewa, shi kuwa, da yake watanni ke nan bai biya ma'aikatansa ba, ya sa hannu ba tare da ya ga kasafin ba. Tallafin na shekara biyu ne ko uku. Shekarar farko tana tafiya wajen ba da kwangila da tsara manhajar, ta biyu wajen bita a otal da rabon kwamfutoci, ta uku wajen bikin ƙaddamarwa da rubuta rahoton ƙarshe. Sannan a rufe littafi. Bayan watanni kaɗan sai abubuwan da ba a rubuta a kasafi ba su soma ƙwanƙwasa ƙofa: hayar na'urar da take ajiye bayanan, wadda ake biya da dala duk wata, kuɗin sabunta adireshin intanet duk shekara, kuɗin data na wayoyin mataimakan lauyoyi, batirin sola da ya daina riƙe caji, magatakardan da aka horar wanda aka ɗauke shi zuwa wata kotu aka kawo wanda bai taɓa ganin manhajar ba, da saurayin da ya rubuta ta, wanda kwantiraginsa ya ƙare ya kama wani aiki. Wanda ya tuna cewa dala ɗaya tana kan wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin watan Yuni na 2023, ta kuma haura 1,500 a cikin 2024, zai gane yadda hayar da ƙaramar ƙungiya take iya ɗauka jiya ta zame mata dutse yau. Babu wanda ya ci amanar kowa a cikin wannan labari, kowa ya cika abin da aka rubuta masa, amma duk da haka an wayi gari allon kwamfuta ya daina buɗewa, an koma ga littafin rajista wanda aka yi watsi da shi shekara biyu, akwai kuma giɓi a cikinsa da ba mai iya cikewa.

Fuƙaha'unmu sun daɗe da warware wata mas'ala mai kama da wannan a babin hubusi, wato wakafi. Sun ce idan mutum ya tsayar da gida ko gona domin amfanin miskinai, abin da za a fara cirewa daga abin da dukiyar take samarwa shi ne kuɗin gyaranta da tsare ta, kafin a raba wa waɗanda aka yi domin su. Har ma malaman Malikiyya suka tafi a kan cewa idan mai wakafin ya gindaya sharaɗin kada a fara da gyara, ba a bin wannan sharaɗi nasa, wakafin kuwa yana nan da ingancinsa. Hikimar a fili take, domin manufar mai sadaka ita ce wanzuwar amfani, sharaɗin da zai kai ga rushewar asalin dukiyar kuwa yana warware manufar tasa ne ko da bai lura ba. Sun kuma wajabta a san mai kula, wanda za a tambaya idan rufi ya tsage. Tallafin zamani, a mafi yawan lokuta, an gina shi ne a kan kishiyar wannan ƙa'ida, domin mai bayarwa yana son biyan sabon abu da za a ɗauki hotonsa, yana ƙyamar abin da ake kira kuɗin gudanarwa, har wasu suna iyakance shi ga ɗan ƙaramin kaso na jimla. Ina ganin ya zama wajibi a kan mai jagorancin aiki ya tsaya a kan wannan batu tun a teburin yarjejeniya, ya rubuta kuɗin riƙo na shekara biyar bayan ƙarewar tallafi, ya nuna wa ɓangarorin biyu adadin ƙarara, idan kuma aka rasa mai ɗauka, a rage girman manhajar har ta zo daidai da aljihun wanda zai gaje ta.

Ba yau aka soma gane alaƙar da ke tsakanin rajistar fursunoni da baitulmali ba. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imamu Abu Hanifa, a cikin littafin haraji da ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid, ya shawarce shi da ya naɗa amintaccen mutum ya rubuta sunayen waɗanda ke kurkuku, a yanka musu abin ci da tufa daga baitulmali, a kuma riƙa duba al'amarinsu a kai a kai, wanda ya cancanci horo a yi masa a sake shi, wanda ba a same shi da komai ba a buɗe masa ƙofa. Abin lura shi ne bai raba lissafin da kuɗin ba, bai kuma ɗora su a kan sadakar wani attajiri ba. Ya ɗora su a kan mai mulki, saboda shi ne ya tsare mutanen.

Sai batun wanda ake tambaya kafin a soma gini, kuma a nan ne, a ganina, ayyuka masu yawa suke mutuwa tun ba a haife su ba. Shugaban ƙungiya da babban rajistara su ne ake gayyata taro, amma ba su ne za su zauna gaban allo da ƙarfe huɗu na yamma, bayan zaman kotu, suna shigar da sunaye ba. Wannan aikin ƙaramin magatakarda ne, da gandiroban da ke ofishin karɓar fursunoni, da mataimakiyar lauya wadda take rubuta bayanin mai ƙorafi a kan cinyarta a barandar kotu. Idan aka kawo musu manhaja mai gurabe arba'in da za a cike a kan kowane mutum, alhali dokar aikinsu ba ta ɗauke musu rubutu a littafin rajista ba, to an ninka musu aiki ne ba a ƙara musu ko sisi ba, kuma za su yi shi muddin ana biyan alawus, su bar shi ran da aka daina. Su ne kuma suka san abubuwan da mai tsara manhaja ba zai taɓa hasashensu daga Abuja ba: cewa mutum ɗaya yana iya zama Muhammadu a ofishin 'yan sanda, Mamman a kotu, Ɗanjuma a kurkuku, cewa mafi yawan waɗanda ake kamawa ba su san ranar haihuwarsu ba, gurbin da ya wajabta ta kuwa ƙarya kawai zai tara, cewa adireshi a ƙauye sunan mai unguwa ne da kwatancen masallaci, cewa akwai kotunan shari'ar Musulunci da magatakardansu suka fi sakin jiki da Hausa ko Larabci, cewa sabis yana ɗaukewa a cikin ginin kurkuku, don haka manhajar da ba ta aiki sai da intanet ba ta da amfani a wurin da aka fi buƙatarta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai jagorancin aiki da ya san abin da yake yi zai kwashe makonnin farko yana zaune kusa da waɗannan mutane yana kallon hannunsu, zai biya ƙungiyar abokan aiki kuɗin lokacin da ma'aikatanta suka ba shi, domin kowace sa'a da lauya ya yi a taron manhaja an ɗebe ta ne daga wani da ke jiransa a bayan kanta, zai kuma gwada abin da ya gina a kotu ɗaya da kurkuku ɗaya har ya zauna kafin ya yi maganar jiha baki ɗaya.

Akwai kuma mas'alar mallaka, wadda ake jin nauyin tayar da ita lokacin da ake cikin murna, a zo a yi da-na-sani daga baya. Asalin rubutun manhajar na wane ne? Da sunan wa aka yi rajistar adireshin? Kalmar sirri ta babban mai iko tana hannun wa? Idan amsar dukan waɗannan ita ce ɗan kwangila, to ƙungiyar tallafin shari'a 'yar haya ce a cikin abin da aka ce an ba ta, kuma duk gyaran da take so sai ta saya da farashin da aka yanka mata. Kamata ya yi yarjejeniya ta faɗa a sarari cewa rubutun da mabuɗan da bayanan za su koma hannun mai riƙo, tare da littafin bayani da wani masani na daban zai iya karantawa ya ci gaba, kuma kada a biya kason ƙarshe na kwangila sai an gwada wannan miƙawa an ga ta tabbata. Nauyin ya fi haka idan aka tuna irin abin da yake cikin rumbun. Sirrin matar da ta zo neman khul'i ne, da sunan yarinyar da aka ci zarafinta, da bayanin wanda ake tuhuma da fashi wanda wataƙila gobe kotu ta wanke shi. Waɗannan amana ce tsakanin lauya da wanda yake karewa tun kafin a yi dokar kare bayanan jama'a ta 2023, dokar kuwa ta zo ta ƙara mata ƙarfi. Mai ba da tallafi yana da haƙƙin sanin adadi, ba shi da haƙƙin sanin sunaye, kuma hoton fursunan da aka saki ba kayan ado ba ne na bangon rahoto, ko da ya ce ya yarda, domin yardar wanda aka fitar daga kurkuku yau da safe akwai shubuha a cikinta.

Game da awo, wato abin da za a ƙirga a ce aiki ya yi, maganata gajera ce. Yawan kwamfutocin da aka raba da yawan mutanen da suka halarci bita suna da sauƙin ƙirgawa, kuma mai binciken kuɗi yana son su domin akwai rasit. Amma abin da ya shafi talaka shi ne kwana nawa yake yi tsakanin kamu da ganin lauya, fayil nawa suka dawo daga ma'aikatar shari'a cikin wa'adi, umarnin tsarewa nawa suka ƙare aka lura da ƙarewarsu a ranar. A auna waɗannan kafin a soma, a sake aunawa a tsakiya, kuma a bar wa mai aiki ƙofar da zai ce wannan hanya ba ta ɓulle ba mu sauya, ba tare da tsoron a yanke masa kaso na gaba ba. Inda aka rufe wannan ƙofa, rahotanni sukan yi kyau su rabu da gaskiya.

Na san abin da za a ce mini, kuma magana ce mai nauyi. Za a ce ƙaramar ƙungiya ba ta da bakin gindaya wa mai kuɗi sharaɗi, idan ta ƙi wata za ta karɓa. Kuma jiran gwamnati ta sa kuɗin riƙo a kasafi daidai yake da cewa kada a yi komai, alhali akwai mutanen da manhajar za ta fitar ko da shekara biyu kaɗai ta rayu. Na yarda cewa mutum ɗaya da aka mayar wa iyalinsa ya isa hujja, kuma ba na zargin wanda ya karɓa saboda lalura. Sai dai ina tunatarwa cewa aikin da ya mutu yana barin gado marar kyau, domin magatakardan da aka sa shi ya koyi manhaja biyu suka mutu a hannunsa ba zai ba da zuciyarsa ga ta uku ba, ko da ita ce ta gaskiya. Kuma muna da misalin abin da ya sami gindin zama saboda an nemi hukuma ta mallake shi. Shirin kai lauyoyi ofisoshin 'yan sanda domin su ga wanda aka kama tun a sa'o'in farko, wanda aka soma gwadawa a tsakiyar shekarun 2000 da haɗin gwiwar hukumar tallafin shari'a da gidauniyar Open Society, ya shiga cikin umarnin rundunar 'yan sanda mai lamba 20, saboda haka lauyan da ya tsaya a kan kanta a yau yana da takardar hukuma da zai nuna, ko da tallafin da ya haifi shirin ya daɗe da ƙarewa. Irin wannan ɗinki ake buƙata ga manhaja: umarnin babban jojin jiha ko na alƙalin alƙalai da zai ce shigar da bayani a cikinta shi ne rajista a hukumance, don a ɗauke wa magatakarda rubutu biyu.

A Amurka, hukumar da majalisar dokokinsu ta kafa a 1974 domin ɗaukar nauyin lauyoyin talakawa a ƙararrakin da ba na laifi ba tana raba tallafi na musamman domin ayyukan fasaha tun daga shekarar 2000, kuma abin da ya bambanta shi da namu shi ne kuɗin daga kasafin ƙasarsu yake fitowa shekara bayan shekara, ƙungiyoyin da suke karɓa kuma su ne masu aikin da kansu. Mu kuwa mun jingina da kasafin wasu, kasafin wasu kuma yana bin siyasar gidansu. Birtaniya ta rage kason taimakonta a 2021, ta sake sanar da wani ragin a 2025, a shekarar da gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakon ƙasashen waje a watan Janairu ta kuma rushe hukumar USAID cikin 'yan watanni. Duk wanda yake tsara aiki a yau bisa zaton za a sabunta masa tallafi, yana gini ne a kan alkawarin da ba a yi masa ba.

Gyaran tsarin mulkin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ya ba jihohi ikon shiga harkar gidajen gyaran hali tare da tarayya, kuma tun asali mafi yawan waɗanda ke jiran shari'a kotunan jihohi ne suka tura su, a kan laifukan da dokokin jihohi suka tanada. Saboda haka ina kira ga kwamishinonin shari'a da manyan jojoji da shugabannin kwamitocin kasafi na majalisun Kano da Kaduna da Sakkwato da sauran jihohinmu, cewa duk lokacin da wani ya zo da tayin gina musu rumbun bayanai, su nemi ya kawo lissafin riƙonsa na shekara, su buɗe masa layi a kasafin ma'aikatar shari'a mai ɗauke da hayar na'ura da kuɗin data da albashin ma'aikaci biyu masu kula, su kuma tabbatar an saki kuɗin layin a watanni uku na farkon shekara, tun mai tallafin yana nan yana iya gyara abin da ya lalace.